Mota mai jan baya a ƙasar ƙanƙara: laifin mota ne ko na taya?

A garuruwa irin su Winnipeg da Edmonton a Kanada, ko Minneapolis a Amurka, akwai shawarar da kusan kowane baƙo yake ji tun kafin ya tara kuɗin motarsa ta farko: ka guji mai jan baya, ba ta tafiya a ƙanƙara. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da suka je can an gaya musu, su ma suna gaya wa na bayansu. Maganar tana da tushe, sai dai ba ta cika ba. Mutanen Suwidin sun yi shekara da shekaru suna hawan Volvo 240, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, kuma ƙafafun baya ne ke tura ta. Lada Zhiguli da ta cika titunan Tarayyar Sobiyet tun daga 1970 haka take, har can cikin Saberiya. 'Yan sanda da direbobin tasi na Amurka da Kanada sun yi ta aiki da Ford Crown Victoria dare da rana har aka daina ƙera ta a 2011. Duk waɗannan motocin an hau su a tsakiyar ƙanƙara, daga Nuwamba zuwa Maris. To in haka ne, daga ina mummunan sunan ya fito?

Komai yana komawa ga ɗan wurin da taya take taɓa hanya, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba a kowace ƙafa. Ƙarfin injin, kamun birki, juyin sitiyari, duk ta nan suke bi su isa ƙasa. A busasshiyar kwalta, taya mai kyau tana iya riƙe ƙarfin da ya kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da ke kanta kafin ta zame. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka tattake, abin yana saukowa zuwa wajen kashi 20 ko 30. A kan sulɓin ƙanƙara kuwa yana iya zama kashi 10 ko ƙasa da haka. Shi ya sa littafin dokokin hanya na Birtaniya yake gargaɗin cewa tazarar tsayawa a ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya sau goma. Abin da baƙo ba ya zato shi ne, ba ranar da sanyi ya fi tsanani ce ta fi santsi ba. In ma'auni yana kusa da sifili, saman ƙanƙarar yana ɗauke da ɗan ruwa-ruwa, wannan ruwan ne ke shiga tsakanin taya da hanya. In aka kai digiri 25 ƙasa da sifili, ƙanƙarar ta bushe, taya ta fi samun abin kamawa.

Matsalar mai jan baya ta farko ta nauyi ce. A mota mai jan gaba, injin da giya suna zaune daidai kan ƙafafun da ke jan motar, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinta yana danne su. A mai jan baya, injin yana gaba, ƙafafun da ke aiki suna baya, kuma da wuya su samu fiye da rabin nauyin. Kamfanin BMW har tinƙaho yake yi da rabon nauyi daidai wa daida tsakanin gaba da baya. A-kori-kura da babu kaya a bayanta ita ce ta fi kowa shan wahala, don bayan nata fayau yake. Tunda riƙon taya yana tafiya ne da nauyin da ke kanta, wajen tashi daga tsaye a kan santsi mai jan gaba tana da rinjaye. A busasshiyar hanya lissafin yana juyawa: da an taka totur nauyi yana komawa baya ya danne ƙafafun da ke turawa, abin da ya sa masu motocin gudu suke son jan baya ke nan. Amma a ƙanƙara motar ba ta samun zaburar da za ta mayar da nauyin baya, sai ribar ta ɓace. Hujjar cewa nauyi ne batun ita ce tsohuwar Volkswagen Beetle. Mai jan baya ce, amma injinta a baya yake, kuma ta yi suna wajen ratsa dusar ƙanƙara.

Matsala ta biyu ta fi tsoratarwa, don ita ce ke jefa mutane rami. Riƙon da taya take da shi guda ɗaya ne, kuma ana raba shi tsakanin aiki biyu: tura mota gaba, da hana ta zamewa gefe. Duk abin da aka kashe a ɗaya an rage wa ɗayan. In direban mai jan gaba ya cika totur a kwana, ƙafafun gaba ne suke rasa riƙo, motar ta ƙi bin sitiyari ta miƙe. Tsoro ya sa ya ɗage ƙafa, kuma a yawancin lokaci ɗage ƙafar shi ne maganin, wato ya yi daidai ba tare da ya san ya yi ba. In direban mai jan baya ya yi wannan kuskuren, ƙafafun baya ne suke saki, gindin motar ya wulƙita gefe yana neman ya wuce kanta. Wanda ya taɓa lura da mai ruwa yana tura kurarsa ya ga wannan: in jan ta ake yi tana bin mai ja, in kuwa tura ta ake yi, da kanta ya ɗan karkace sai turin ya ƙara karkatar da ita. A nan abin da tsoro yake sa mutum ya yi, wato danna birki da ƙanƙame sitiyari, shi ne ke ƙarasa aikin, mota ta ƙwace.

Tsofaffin direbobinmu ba baƙin wannan ba ne. Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna mai jan baya ce, haka Mercedes da ake kira V-boot. Wanda ya bi hanyar ƙauye da ɗayansu a tsakiyar damina, laka ta yi sumul, ya san yadda baya yake rawa, ya kuma san a sassauta totur a bi ta da sitiyari. Bambancin dai laka tana gaya maka tana nan. Siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba ta da launi, hanya ce kawai za ka ga kamar ta jiƙe, kuma a kan gada take fara kamawa, don iska mai sanyi tana ratsa ta sama da ƙasa.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin aksil ɗin baya. Yawancin motoci suna raba ƙarfi daidai tsakanin ƙafar dama da ta hagu, ma'ana ƙafar da ke kan kwalta ba za ta samu fiye da abin da ta kan ƙanƙara za ta iya ɗauka ba. Ɗaya tana ta juyawa a banza, ɗaya tana tsaye, mota ta kafe a wurin da ko tudu babu. Wasu motocin suna da aksil mai ɗaure ƙafafun biyu su juya tare. Wannan yana fitar da mutum daga kafewa, amma yana da nasa haɗarin: in duka biyun suka saki a lokaci guda, babu wadda ta rage ta riƙe gindin motar.

Na'ura ta rage wannan fargabar ƙwarai. A 1995 Mercedes da Bosch suka fito da tsarin da ke auna juyin kowace ƙafa da karkatar mota, in ya ga baya zai tafi sai ya rage ƙarfin injin ya kama birkin ƙafa ɗaya tak, cikin ƙiftawar ido, kafin direba ya ankara. Shi ne ake rubutawa ESC ko ESP. Amurka ta wajabta shi a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Don haka mai jan baya ta yau ba irin ta shekarun 1980 ba ce. Amma na'urar ba ta ƙirƙiro riƙo. Rabon wanda yake akwai take yi, in babu kuwa sai dai fitilarta ta yi ta ƙiftawa a gabanka motar tana nan inda take.

A ganina a nan ne asalin mummunan sunan yake. Tun da ƙananan motoci suka koma jan gaba, jan baya ya rage galibi a manyan motoci masu ƙarfi: BMW, Mercedes, Lexus, Mustang da makamantansu. Irin waɗannan sukan fito daga kamfani da faffaɗan tayoyin zafi, waɗanda aka yi don kwalta mai ɗumi. Sai a haɗa injin mai ƙarfi, da baya mara nauyi, da tayar da ba a yi ta don sanyi ba, a sa su a kan ƙanƙara. Jama'a suna wucewa suna ganin tsadaddiyar mota ta kasa hawa ɗan tudun da tsohuwar Corolla ta haye, sai su ce ai jan baya ne. Babu mai durƙusawa ya karanta abin da aka rubuta a gefen tayar.

Bambancin tayar sanyi da sauran tayoyi yana farawa ne daga robar kanta, wanda ido ba ya gani. Robar tayar zafi tana taurarewa in sanyi ya yi, ta daina lanƙwasawa ta shiga ƙananan ramukan hanya. A sanyi mai tsanani wasu kamfanonin motoci har gargaɗi suke yi cewa tana iya tsattsagewa. Ta sanyi an haɗa ta ne yadda za ta ci gaba da laushi ko da an kai digiri 30 ƙasa da sifili. Masu ƙera taya suna cewa a canja da zarar ma'auni ya riƙa zama ƙasa da digiri 7. Wannan adadi na saukaka wa mutane ne, ba wai a digiri 6 tayar zafi take mutuwa ba, kuma a busasshiyar kwalta tana iya ci gaba da fin ta sanyi tsayawa ko an ɗan gangara ƙasa da haka. Amfaninsa shi ne yana sa mutum ya canja kafin dusar farko, ba ranar da kowa ya yi layi a wurin masu taya ba. Jamusawa suna da tasu ƙa'idar ta baka: daga Oktoba zuwa Ista.

Sai zane. Tayar sanyi tana da manyan kwaruruka masu zurfi, da kuma dubban ƙananan tsage-tsage a jikin kowane tudun zanen. Tsagogin suna buɗewa in taya ta danna ƙasa, bakinsu ya ciji ƙanƙara, su kuma tsotse ɗan ruwan nan da ke samanta. Kwarurukan kuwa ana so su cika da dusa, don dusa ta fi manne wa dusa fiye da yadda roba take manne mata. Sana'ar ta daɗe. Kamfanin Nokian na Finlan ya fitar da tayar sanyi ta farko don manyan motoci a 1934, sannan ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta a 1936, kuma har yau ana sayar da taya da wannan sunan. Kamfanin yana da filin gwaji a Ivalo, can arewacin Finlan, su kuma kamfanonin motoci suna tururuwa zuwa Arjeplog a Suwidin duk shekara suna gwada motocinsu a kan tafkunan da suka daskare.

In an je saye, alamar da ke gefen taya ake fara dubawa. Haruffan M+S suna ruɗar mutane da yawa. Suna nuni ne ga fasalin zane kawai, babu gwajin da taya take ci kafin a buga mata su, kuma kusan duk tayar duk-shekara da ake sa wa sababbin motoci a Amurka da Kanada tana ɗauke da su. Alamar da take da nauyi ita ce hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada ne suka kawo ta a 1999, kuma sai taya ta ci gwaji a kan dusa, ta fi wata tayar ma'auni da aƙalla kashi 10 cikin ɗari, sannan a ba ta. A lura, gwajin na dusa ne, ba na sulɓin ƙanƙara ba. Don cike wannan giɓin ne takardar bayanin taya ta Tarayyar Turai ta ƙara wata alama ta riƙon ƙanƙara daga Mayu 2021.

Dokoki ma a kan wannan suke tafiya, ko da yake kowace ƙasa da nata salon. Lardin Quebec na Kanada ya wajabta tayar sanyi tun 2008, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ontario ba ta wajabta ba, amma tun 2016 ta tilasta wa kamfanonin inshora su yi ragi ga wanda ya sa. Suwidin tana nema daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris in hanya tana da yanayin sanyi, da zane mai zurfin aƙalla milimita 3. Jamus ba ta sa rana ba, tun 2010 dokarta ta ce in akwai dusa ko ƙanƙara a hanya dole a same ka da tayar da ta dace, kuma daga Oktoba 2024 M+S kaɗai ba ta wadatarwa, sai da alamar dutsen. Tarar Yuro 60 ce, ba ta da yawa. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne abin da kamfanin inshora zai ce in an yi haɗari.

To ko a cikin masu alamar dutsen, ba duka ɗaya ba ne, kuma nan ne mai jan baya ya kamata ya tsaya ya yi tunani, don kuskuren zaɓi a kansa ya fi bayyana. Tambayar ba wane kamfani ya fi ba. Tambayar ita ce wane irin sanyi ake yi a inda kake. A Munich ko Landan ko Seattle, yawancin kwanakin sanyi ruwa ne da caɓi, ma'auni yana kai da kawo kusa da sifili, ana zuba gishiri, dusa ta narke cikin sa'o'i. Tayar da aka yi don tsakiyar Turai ita ce ta wurin: robarta ta fi tauri, tana korar ruwa da kyau, tana jure gudun babbar hanya. A Winnipeg ko Oulu ta Finlan ko Novosibirsk ta Saberiya kuwa, dusar da ta sauka a Nuwamba tana iya kaiwa Maris, gishiri yana rasa ƙarfinsa in an wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili, mahaɗar hanyoyi kuma tayoyin motoci sun goge su sun zama gilashi. Can sai taya mai laushin gaske, irin ta ƙasashen arewa, kamar Hakkapeliitta R, Blizzak WS, X-Ice ko VikingContact. A ƙanƙara tazarar da ke tsakanin iri biyun babba ce. Farashin laushin shi ne a jiƙaƙƙiyar kwalta ta fi jinkirin tsayawa, sitiyari kuma yana ɗan yin lagwai-lagwai a hannu. Masu motocin gudu da yawa suna ƙin ta saboda wannan, su ɗauki mai taurin don motar ta ci gaba da daɗin tuƙi. A garin da ƙanƙara take wata huɗu a ƙasa, wannan son zuciya ne, ba lissafi ba.

Sai mai ƙusa. Ƙananan ƙusoshi ne masu kan ƙarfe mai tauri da ake dasawa a cikin zane, suna karce ƙanƙara. A kan sulɓi, musamman jiƙaƙƙe na kusa da sifili, har yanzu babu wadda ta kai ta, kuma ga mai jan baya da ke zaune a ƙauye ko kan tudu tana iya zama bambancin fita da kwana a gida. Amma tana cin kwalta, tana ta da ƙura mai cutar da huhu. Biranen Japan irin su Sendai da Sapporo sun sha wannan ƙurar har ƙasar ta yi dokar hana ƙusa a 1990, kuma matsin wannan lokacin ne ya haifar da Blizzak ta kamfanin Bridgestone a 1988, mai roba da ƙananan ramuka masu shan ruwan saman ƙanƙara. Jamus ta haramta ƙusa. Oslo tana karɓar kuɗi daga mai ita, Stockholm ta hana ta a wasu tituna tun daga 2010, Ontario kuma a cikin mazaunanta na arewacinta kaɗai ta yarje wa. Kafin a saya sai an duba dokar wurin da ake, da ta wurin da ake yawan zuwa.

Tayoyin duk-shekara masu alamar dutse, irin su CrossClimate ta Michelin, sun inganta sosai, kuma a garin da dusa take leƙowa jefi-jefi sun isa. Ga mai jan baya a lardin Saskatchewan na Kanada ban ga dalilin yin caca da su ba.

Huɗu ake sawa, ba biyu ba. Wannan shi ne inda tattalin kuɗi yake yaudarar mai jan baya, ya ce tunda na baya ne ke turawa bari in sa musu na sanyi in bar na gaba. Motar za ta tashi lafiya kuwa, har ta sa shi ya saki jiki. Sai a kwanar farko ya juya sitiyari ta miƙe, ko ya taka birki ta ci gaba, don juyawa da mafi yawan tsayawa aikin ƙafafun gaba ne. Sa su a gaba kaɗai ya fi wannan muni, baya ne zai riƙa wulƙitawa. Wannan hujjar ce kuma take rushe ɗaya rabin shawarar da ake ba baƙo, wato ka sayi mai jan ƙafa huɗu ka huta. Jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, ba shakka. Wajen birki kuwa kowace mota ƙafa huɗu take da shi. Gwaje-gwajen mujallun motoci sun sha nuna cewa mota mai jan ƙafa biyu da tayar sanyi tana riga mai jan huɗu da tayar duk-shekara tsayawa a kan dusa. Ga wanda kuɗinsa ba za su kai duka biyun ba, taya ce gaba.

Girma ma abin dubawa ne. A dusa da caɓi siririyar taya ta fi faffaɗa, tana yanka ta isa ƙasa maimakon ta hau kai. Shi ya sa ake sauko da wili da inci ɗaya, a ce daga 18 zuwa 17, a ƙara tsayin gefen taya don zagayen ya zauna yadda yake, muddin wilin zai wuce kan birki ba tare da ya goga ba. Motoci masu jan baya da yawa tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi. A lokacin sanyi ya fi a sa huɗun girma ɗaya in littafin motar ya yarda, don a samu damar musanya su gaba da baya, tunda na baya sun fi saurin cinyewa. Wili na dabam, ko na baƙin ƙarfe mai araha, yana rage kuɗin cirewa da sawa sau biyu a shekara, yana kuma kare masu tsadar daga gishiri. A tuna tayar sanyi tana da iyakar gudu da aka rubuta da harafi: Q kilomita 160 a sa'a, T 190, H 210.

Wanda zai sayi ta hannu ya duba abu biyu. Zurfin zane: in ya sauka ƙasa da milimita 4 aikinta a dusa ya ragu sosai, kuma Ostiriya ma ba ta ƙirga irin wannan a matsayin tayar sanyi. Sai shekaru: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara, 3521 na nufin mako na 35 na 2021. Roba tana taurarewa da tsufa ko ba a hau ta ba, kuma tayar sanyi da ta taurare ta rasa abin da aka saye ta dominsa. Iska kuma tana raguwa da wajen fam ɗaya duk saukar digiri 5 ko 6, don haka tayar da aka cika a Oktoba tana bukatar a sake auna ta a Janairu.

Tsohuwar dabarar sa buhunan yashi a but tana aiki, musamman ga a-kori-kura. Sharaɗin shi ne a ɗora su daidai kan aksil, ba can ƙarshen baya ba inda za su ɗage gaba su kuma ƙara wa gindi ƙarfin wulƙitawa, kuma a ɗaure su kada su zama makami in an yi karo. Buhu biyu ko uku sun isa ƙaramar mota, in aka kafe kuma a farke ɗaya a zuba a ƙarƙashin taya. Motocin lantarki masu jan baya, irin Tesla Model 3 ko Volkswagen ID.3, ba su cika bukatar wannan ba, don batirin yana shimfiɗe a ƙasa yana danne ƙafafu huɗun, kuma injin lantarki yana rage ƙarfi da sauri fiye da na fetur in ya ji taya ta fara zamewa. Nasu abin lurar shi ne birkin da motar take yi da kanta in an ɗage ƙafa, wanda a ƙafafun baya yake kamawa. A santsi gara a rage shi in motar ta ba da dama.

Ragowar aikin na ƙafar direba ne. A tashi a hankali, in giyar hannu ce a tashi da ta biyu, in mai canja kanta ce a sa ta a tsarin dusa in tana da shi. A gama birki tun mota tana miƙe, a shiga kwana da gudun da za a fita da shi, kada a ƙara totur sai sitiyari ya fara dawowa daidai. Kada a sauke giya da garaje a gangare, don a mai jan baya ƙafafun baya ne za su riƙe, kuma sakamakon ɗaya ne da jan birkin hannu. Tudu ana tunkararsa da ɗan gudu tun daga ƙasa, ba a tsakiyarsa ake neman ƙarfi ba. In baya ya tafi, a sassauta totur a hankali ba a sake shi gaba ɗaya ba, a juya sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, ido yana kan inda ake son zuwa, sannan a yi saurin dawo da shi da zarar ta kama, in ba haka ba ta wulƙita ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Karanta wannan ba ya koya wa hannu komai. Suwidin ta san haka, shi ya sa ba a ba mutum lasisi sai ya je filin santsi ya ji yadda mota take ƙwacewa. Wanda ya je da lasisin wata ƙasa zai iya biyan kuɗin irin wannan darasin, ko aƙalla ya nemi filin ajiye motoci da babu kowa bayan dusar farko ya gwada birki da totur.

Da bazara ta shigo sai a cire su. Laushin da ya yi amfani a Janairu shi ne aibinsu a Yuli: suna cinyewa da sauri, suna ɗaukar zafi, tazarar birki tana ƙaruwa. Rasha ma ta hana hawan mai ƙusa daga Yuni zuwa Agusta. Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye ko ba mu taɓa ganin dusa ba. Motocin hannu da ke saukowa a Kwatano da Legas daga Kanada da Turai, wasunsu da tayoyin sanyi suke zuwa, kuma a cikin tayoyin gwanjo da ke kasuwanninmu akwai su, duk da Najeriya ta sa tsofaffin tayoyi a jerin kayan da aka hana shigowa da su. Zanensu mai zurfi ne, sai mai saye ya ga kamar ya yi tsintuwa. Roba ce da aka haɗa don digiri 20 ƙasa da sifili, aka ɗora ta a hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, mota cike da mutane da kaya. In ka ga dutse mai tsini uku a gefenta, da dubban ƙananan tsage-tsage a zanen, ko ƙananan ramukan da aka zare ƙusoshi, ba don hanyarmu aka yi ta ba.